Yadda masana kimiyya ke auna numfashin ɓera domin neman maganin cututtukan huhu

Da yawa daga cikin magungunan cutar asma da sauran cututtukan huhu da ake ƙirƙirowa a wannan zamani, sai da aka fara jarraba su a jikin ɓeraye kafin su kai ga asibiti. To amma auna numfashin dabbar da nauyinta bai wuce giram 25 ba aiki ne mai wuyar gaske, kuma hanyar da aka bi wajen awon tana iya sauya sakamakon binciken baki ɗaya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 262 ne ke fama da cutar asma a faɗin duniya, kuma a wannan shekarar ta yi sanadiyyar mutuwar mutane dubu 455. Ita kuwa cutar nan mai toshe hanyoyin numfashi sannu a hankali, wadda likitoci ke kira COPD, ta hallaka mutane fiye da miliyan uku a shekarar. Akasarin waɗanda cutar ke kashewa kafin su kai shekaru 70 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfin arziki suke, inda baya ga taba sigari, hayaƙin itace da gawayi da ake girki da su ke taka muhimmiyar rawa.

Wannan ne ya sa jami'o'i da kamfanonin harhaɗa magunguna ke zuba maƙudan kuɗi wajen binciken cututtukan huhu. Kuma a mafi yawan ɗakunan gwaje-gwajen da ake wannan aiki, ɓera ne majinyaci na farko.

Me ya sa aka zaɓi ɓera?

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Ɓera ba shi da tsadar kiwo, cikinsa makonni uku ne kacal, kuma akwai zuri'o'in da aka shafe shekaru da dama ana haɗa aure tsakaninsu, har ta kai kowane ɗaya daga cikinsu tamkar tagwayen ɗan uwansa ne ta fuskar gado. Hakan na bai wa mai bincike tabbacin cewa bambancin da ya gani tsakanin rukuni biyu daga maganin da ya bayar ya fito.

A watan Disamba na shekarar 2002 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gado na ɓera, inda aka gano cewa kusan kashi 99 cikin ɗari daga cikinsu suna da takwarorinsu a jikin ɗan Adam. Tun kafin lokacin masana sun riga sun ƙware wajen cire ƙwayar gado guda ɗaya tak daga jikin ɓera domin su ga abin da zai biyo baya, fasahar da ta sa aka bai wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies lambar yabo ta Nobel a shekarar 2007.

Sai dai cire ƙwayar gado ko ba da magani rabin aikin ne kawai. Wajibi ne daga bisani a iya nunawa da alƙaluma ko huhun dabbar ya samu sauƙi ko kuwa ya ƙara taɓarɓarewa.

Majinyacin da ba ya karɓar umarni

A wajen ɗan Adam an daɗe da warware wannan matsala. A shekarar 1846 wani likita a birnin Landan mai suna John Hutchinson ya gabatar da na'urar da ke auna yawan iskar da mutum ke iya fitarwa daga ƙirjinsa, bayan ya gwada ta a kan mutane fiye da 2,000. Shekaru ɗari bayan haka, a 1947, likitan Faransa Robert Tiffeneau ya nuna cewa yawan iskar da mutum ke iya hurowa a daƙiƙar farko shi ne ya fi bayyana toshewar hanyoyin numfashi. Har yau a kan wannan awo likitoci ke dogara. Ana umartar majinyaci ya cika ƙirjinsa da iska, sannan ya hura cikin bututu da iyakar ƙarfinsa.

Ɓera kuwa ba a iya ba shi wannan umarni. Ga kuma matsalar ƙanƙanta. Huhun babban mutum yana ɗaukar iska kimanin lita shida, shi kuwa na ɓera bai wuce mililita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi. A kowane numfashi mutum yana shaƙar kimanin rabin lita, yayin da abin da ɓera ke shaƙa bai wuce girman ɗigon ruwa uku zuwa huɗu ba. Mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ɓera kuwa yakan haura sau 150, wani lokaci ma fiye da 200. Faɗin maƙogwaronsa kuwa kimanin milimita ɗaya ne, kwatankwacin tsinken tsintsiya.

Ma'anar wannan ita ce iskar da ke cikin bututun na'urar awo kaɗai tana iya fin wadda dabbar ke shaƙa yawa, kuma kuskuren da ba zai dami kowa ba a wajen mutum yana iya lalata sakamakon gaba ɗaya a wajen ɓera.

Yadda ake sa wa ɓera cutar

Ɓeraye ba sa kamuwa da asma da kansu, saboda haka sai an haddasa musu wani yanayi mai kama da ita. Hanyar da ta fi daɗewa ita ce a yi wa dabbar allurar wani sinadari da ake samu a farin ƙwai, bayan 'yan makonni kuma a sa ta shaƙe shi, sai garkuwar jikinta ta tayar da kumburi a hanyoyin numfashi. Daga baya masana da dama sun koma amfani da sinadarin wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa a ƙurar ɗaki da katifu, domin su ne ke tayar wa mutane da yawa asma.

Idan cutar COPD ake son kwaikwayo, akan sa ɓeraye su shaƙi hayaƙin taba na tsawon kimanin watanni shida. Idan kuwa cutar da ke sa huhu ya yi tabo ya ƙandare ce, akan zuba musu wani maganin sankara mai suna Bleomycin a cikin maƙogwaro, wanda aka san yana yi wa huhu lahani.

A binciken asma, bayan an kammala wannan mataki akan fesa wa dabbar wani sinadari mai suna metakolin, wanda ke sa tsokokin da ke kewaye da hanyoyin iska su tsuke. Ana farawa da kaɗan ana ƙarawa. Lafiyayyen huhu ba ya tsukewa sosai, amma mai ɗauke da cutar nan da nan yake matsewa. Irin wannan gwaji ake yi wa mutane a asibiti idan ana tantamar ko asma ce ke damunsu. Abin da ya rage shi ne auna girman wannan tsukewa, kuma a nan ne hanyoyin masana suka rabu.

Hanya ta farko: akwatin da dabba ke yawo a ciki

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sanya ɓera cikin wani ƙaramin akwati mai kama da gilashi, a rufe, a bar shi yana kai da komo, ba tare da an ɗaure shi ko an sa shi barci ba. Duk lokacin da ya ja numfashi, iskar da ta shiga jikinsa takan ɗauki ɗumi da laima ta ɗan kumbura, lamarin da ke sauya matsin iskar da ke cikin akwatin. Wata na'ura mai saurin ji ce ke ɗaukar wannan sauyi ta aika wa kwamfuta. Asalin dabarar daga wasu masana biyu na Amurka ne, Drorbaugh da Fenn, waɗanda suka ƙirƙiro ta a shekarar 1955 domin auna numfashin jarirai sababbin haihuwa.

A shekarar 1997 wani rukunin masana a birnin Denver na Amurka, ƙarƙashin Erwin Gelfand, tare da Bajamushe Eckard Hamelmann, sun wallafa sakamakon da ya nuna cewa wani adadi da ake lissafawa daga wannan akwati, mai suna Penh, yana hawa a duk lokacin da hanyoyin numfashin ɓeraye masu alamun asma suka tsuke. Ana samun adadin ne daga siffar zanen da numfashin ke yi a kwamfuta, musamman ɗan jinkirin da ake gani a ƙarshen fitar da iska.

Nan da nan hanyar ta karɓu a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama. Ba ta bukatar tiyata, ana iya auna dabbobi da yawa a lokaci guda, kuma ana iya maimaita awon a kan dabba ɗaya har tsawon watanni. Ɗaruruwan rahotannin bincike sun dogara da ita a shekarun da suka biyo baya.

Taƙaddamar da ta ɓarke

To sai dai masana da suka ƙware a kan yadda huhu ke aiki sun nuna shakku tun da wuri. Hujjarsu ita ce Penh ba ya auna ƙarfin da iska ke bukata kafin ta ratsa hanyoyin numfashi, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. Abin da yake nunawa shi ne salon numfashin dabbar, kuma abubuwa da yawa suna iya sauya wannan salo: tsoro, zafin ɗaki, laima, ko wani abu da ya harzuƙa hancin dabbar.

Batun hanci yana da muhimmanci na musamman, domin ɓera ta hanci yake numfashi, kuma kaso mai yawa na cikas ɗin da iska ke fuskanta a cikin hancin yake. Ke nan ɓeran da hancinsa ya toshe yana iya bayyana tamkar mai ciwon huhu alhali huhunsa lafiya lau.

Gwaje-gwajen da aka wallafa tsakanin 2002 da 2004 sun ƙarfafa wannan shakku, inda aka ga cewa dangantakar Penh da ainihin tsukewar hanyoyin iska tana sauyawa daga wata zuri'ar ɓeraye zuwa wata. A shekarar 2004 fitattun masana kimanin 20 suka sanya hannu a kan wata wasiƙa da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka, suna gargaɗin a daina ɗaukar wannan adadi a matsayin ma'aunin tsukewar hanyoyin numfashi, matuƙar ba a tabbatar da shi ta wata hanya dabam ba. Daga cikin waɗanda suka sanya hannu har da Charles Irvin, wanda sunansa ke cikin marubutan rahoton 1997.

Akwatin bai ɓace daga ɗakunan bincike ba. Ana ci gaba da amfani da shi wajen ƙidaya saurin numfashi, da nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa shi, da kuma lura da dabbobin da aka sa wa ƙwayoyin cuta masu haɗari, inda rage taɓa dabbar ke kare lafiyar ma'aikata. Amma editocin mujallu da dama sukan nemi ƙarin hujja kafin su amince da shi a binciken asma.

Hanya ta biyu: na'ura ce ke yi wa dabbar numfashi

Hanyar da masana suka fi amincewa da sahihancinta tana da tsauri. Ana yi wa ɓera allurar barci, a tsaga maƙogwaronsa a zura wani siririn bututu, sannan a haɗa shi da na'urar da za ta riƙa hura masa iska, yawanci sau 150 a minti. Sau da yawa akan ƙara masa maganin da ke kwantar da tsokoki, don kada yunƙurinsa na yin numfashi ya gurɓata awon. Da yake an tsallake hanci, abin da na'urar ta gani daga huhu ya fito.

A lokacin awo, na'urar takan dakatar da numfashin na 'yan daƙiƙoƙi ta tura iska mai karkarwa cikin huhun, wata a hankali wata da sauri, daga kimanin sau ɗaya zuwa sau 20 a daƙiƙa, tana auna matsin da ya dawo. Masanin Amurka Arthur DuBois da abokan aikinsa ne suka fito da wannan dabara domin mutane a shekarar 1956. A 1995 kuma Thomas Schuessler da Jason Bates na Jami'ar McGill da ke birnin Montreal na Kanada suka bayyana wata na'ura mai aiki da kwamfuta da ta dace da ƙananan dabbobi, wadda daga baya ta shiga kasuwa da sunan flexiVent.

Amfanin karkarwar shi ne tana rarrabe inda matsalar take. Mai sauri tana bayyana halin da manyan bututun iska ke ciki, mai tafiya a hankali kuma tana kaiwa ga naman huhu da ƙananan jakunkunan iska da ke can ciki. Lissafin da ake amfani da shi wajen wannan rarrabewa ya samo asali ne daga aikin da Zoltan Hantos na ƙasar Hangari da abokansa suka wallafa a 1992.

Ta haka mai bincike ke iya bambanta cututtukan da a ido suke kama da juna. A cutar asma bututun ne ke tsukewa. A nau'in COPD da ke lalata jakunkunan iska, huhun yakan saki kamar tsohuwar roba, ya cika da sauƙi amma ya kasa mayar da iskar waje. A cutar tabo kuwa yakan yi tauri har ya bukaci ƙarin ƙarfi kafin ya buɗe. Akwai ma ƙarin na'urar da ke zuƙe iskar huhun farat ɗaya, domin a kwaikwayi gwajin hurawa da ake yi wa mutane, sai dai maimakon daƙiƙa ɗaya, a wajen ɓera ana duba kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne.

Illar wannan hanya a fili take. Dabbar da ke cikin barci, wadda na'ura ke yi wa numfashi, ba ta cikin yanayinta na yau da kullum, kuma magungunan barcin kansu suna iya shafar huhu. Haka nan yawanci dabbar ba ta rayuwa bayan gwajin, don haka duk mai son bin diddigin cuta mako bayan mako sai ya tanadi sabon rukunin ɓeraye domin kowane mataki.

Tsaka-tsaki

A shekarar 2003 Bates da Irvin, a lokacin dukkansu a Jami'ar Vermont ta Amurka, sun taƙaita matsalar a wata maƙala. Bayaninsu shi ne gwargwadon yadda aka bar dabba a yanayinta na halitta, gwargwadon yadda awon ke rasa sahihanci, kuma gwargwadon yadda aka tsananta sahihancin, gwargwadon yadda dabbar ke nisa da yanayinta. Babu wata hanya guda da ta haɗa biyun.

Saboda haka aka ɓullo da hanyoyi na tsaka-tsaki. A ɗaya daga cikinsu ana sanya gangar jikin ɓera cikin bututu kansa na waje, yana farke, ana auna gudun iska a daidai tsakiyar fitar numfashi. A wata kuma ana zura bututu ta baki maimakon tsaga maƙogwaro, ta yadda dabbar za ta farfaɗo a sake auna ta bayan kwanaki. Masana a wata cibiyar Fraunhofer da ke birnin Hanoba na Jamus suna daga cikin waɗanda suka inganta waɗannan hanyoyi biyu. Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da aka ƙera domin ƙananan dabbobi su ma suna taimakawa wajen nuna ɓangaren huhun da cuta ta fi shafa.

Daga ɓera zuwa mutum

Ko da an yi awon daidai, akwai sauran rina a kaba, domin huhun ɓera ya bambanta da na ɗan Adam. Na mutum yana da sassa uku a dama da biyu a hagu, na ɓera kuma huɗu a dama da ɗaya a hagu, sannan rassan bututun iskarsa ba su kai na mutum yawa ba. Lokacin da aka samar da ɓerayen farko masu ɗauke da lahanin gado na cutar cystic fibrosis a 1992, sun kamu da ciwon hanji mai tsanani, amma ba su nuna ciwon huhun da ke kashe mutane masu cutar ba. Tabon da Bleomycin ke haddasawa kuma yakan ragu da kansa a jikin ɓera, alhali a jikin mutum cutar gaba take ci.

Tarihin maganin Mepolizumab ya nuna amfanin ɓera da kuma iyakarsa. A 1996 masana a Ostareliya sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IL-5 ba sa tara wani nau'in fararen ƙwayoyin jini a huhu, kuma hanyoyin numfashinsu ba sa saurin tsukewa. Amma da aka gwada maganin da ke toshe sinadarin a jikin mutane, sakamakon da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa ƙwayoyin jinin sun ragu, saurin tsukewar kuwa bai sauya ba. Sai a 2009 wasu gwaje-gwaje biyu a Birtaniya da Kanada suka nuna cewa maganin yana rage yawan tashin cutar a jikin wani rukuni na musamman, wato masu asma mai tsanani da ke da yawan waɗannan ƙwayoyin jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015, shekaru 19 bayan binciken farko.

Batun jin ƙan dabbobi

Masu fafutukar kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna adawa da irin waɗannan gwaje-gwaje. Ƙa'idar da akasarin ƙasashe ke bi ta samo asali ne daga shawarar da masana biyu na Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka gabatar a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sassauta wahalar da suke sha. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2010 ta wajabta wa ƙasashenta bin wannan ƙa'ida.

A nan ma ingancin awo yana da tasiri kai tsaye. Awo mai sahihanci yana bukatar dabbobi kaɗan kafin a ga bambanci, yayin da awo mai rauni ke tilasta maimaita gwaji, ko ya kai ga a jarraba maganin da ba shi da amfani a jikin mutane.

Ana ci gaba da neman madadi. A 2010 masana a cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard sun gabatar da wata 'yar ƙaramar na'ura mai ɗauke da ƙwayoyin huhun ɗan Adam, wadda ke miƙewa tana komawa kamar mai numfashi. A watan Disamba na 2022 kuma Amurka ta zartar da dokar da ta soke sharaɗin cewa lallai sai an gwada sabon magani a jikin dabba kafin a fara gwada shi a jikin mutane. Sai dai irin waɗannan na'urori ba su haɗa garkuwar jiki da jijiyoyi da zuciya da motsin ƙirji a wuri guda kamar dabba mai rai ba, don haka har yanzu ɗakunan bincike da dama suna amfani da su ne tare da gwajin ɓeraye.